Saniyar Facebook da allurar bakin kara

Tambaya: Na kusa ritaya, ina so in zuba kuɗin sallamata a kiwon shanun madara. Wani yana tallar saniyar Turawa a Facebook, wai lita 30 take bayarwa kullum. In saya? Daga ma'aikaci a Funtuwa.

Amsa: Malam, ba a tatsar hoto. Firisiyan zalla, wato saniyar Turawan nan, tana yin lita 30 a Holan, inda ga sanyi ga ɗanyar ciyawa. Ka ɗaure ta a Funtuwa cikin Afrilu, zafi ya hana ta ci, kaska ta ƙarasa ta. Mai irin wannan madarar tana shanye ruwa kusan lita 100 a wuni. Kana da rijiyar burtsatse? Nemi ruwa-biyu, Firisiyan da Bunaji, irin haɗin da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana yi. In ta samu dusa da harawa da ƙulin auduga, lita 8 zuwa 10 ba abin mamaki ba ne. Kuma a tatsa a gabanka, safe da yamma, kwana biyu a jere, don akwai masu ƙin tatsa ana jajibirin ciniki, hantsa ta cika fal. Fara da guda biyu, sauran kuɗin ka ajiye wa abincin rani.

Tambaya: Saniya ɗaya maigidana ya rasu ya bar mini da marayu. Gefe guda na hantsarta ya kumbura, da zafi, nonon yana fita gudaji-gudaji. Mai magani a kasuwa ya ce in kawo kuɗin allura. Ko barci ba na yi.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigida, ya raya yaran. Kwantar da hankalinki, ciwon hantsa ne, kuma in an tare shi da wuri yakan warke. Ki wanke hannu, ki gasa wurin da ruwan ɗumi, ki riƙa tatse gefen sau da yawa kina zubarwa. Shi za ki taɓa a ƙarshe, kada ki kai wa masu lafiyar. Sannan ki aika asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku yau, ba gobe ba.

Shi kuwa mai maganin nan, ki riƙe kuɗinki. Na faɗa har na gaji: a bakin kara za ka ga an baza kwalabe a tabarma, rana tana dukansu tun hantsi. Wasu kwanansu ya wuce an kankare, wasu ba lambar NAFDAC, maganin sammore kuwa har jabunsa ake bugawa. Mai tabarmar bai ga saniyar ba, bai san nauyinta ba, amma ciwon huhu, hanta, kirci, duk allura ɗaya ce a wurinsa. A yi rabin ƙa'ida don tsimi, cuta ta lafa, ta dawo ta daina jin maganin. Abin da ya fi ƙona mini rai, a yi allura da safe, da yamma a tatsa a kafa kindirmo a kai tasha. Ai maganin yana cikin nonon, yaranmu ke sha da fura! Kwanakin da za a dakata suna rubuce a jikin kwalba, amma wa ke dubawa? Mutum ya sayi saniyar miliyan, sai kuɗin kiran likita ya zame masa asara. Rigakafin ciwon huhu ma ba daga waje ake jira ba, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ake yin sa.

Tambaya: Da gaske ne nonon baƙar saniya ya fi na fara maiƙo?

Amsa: Haba ɗan'uwa! Jinsinta da abin da ta ci ne ke sa maiƙo, ba gashinta ba. Cika mata kwami.