Malam, in rubuta gaskiyar gidanmu ko in ƙirƙiro wani?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, a Gusau. Malaminmu na Hausa ya ba mu insha'i mai taken "Gidanmu da iyalinmu", ya ce kada ya gaza kalma 300, kuma za a zaɓi wasu a karanta a gaban aji. Ni kuwa iyayena sun rabu tun ina ƙarama. A hannun kakata nake, ni da ƙanena, a gidan haya mai ɗaki biyu, sana'arta ƙosai da koko. Ƙawata ta ce in rubuta cewa gidanmu bene ne, iyayena suna tare, wai ai malam ba zuwa zai yi ya duba ba, ko kuma in sa waya ta rubuta mini. Shin wannan ƙarya ce ko dabarar rubutu? In kuma na faɗi gaskiya, ban tona asirin gidanmu ba? Sannan ko na fara rubutun, layi biyar nake yi maganar ta ƙare mini.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya saka wa kakarki da alheri, ya ƙara mata lafiya da ciniki.

Mu fara da shawarar ƙawarki. Akwai insha'in da aka yardar miki ki ƙirƙira, akwai wanda ba a yardar miki ba, kuma taken da aka bayar shi ke raba su. In aka ce "Rubuta labarin da zai dace da karin maganar nan: ramin ƙarya ƙurarre ne", to an ba ki wuƙa da nama. Ki ƙago mutane, ki ƙago gari, ki raɗa musu sunayen da kika ga dama. Ke da malam duk kun san ƙagaggen labari ne, ba a yaudari kowa ba. Amma "Gidanmu da iyalinmu" insha'in siffantawa ne, gidan da ake so ki siffanta naku ne, kuma duk wanda ya saurara zai ɗauka cewa abin da kika faɗa haka yake. In kika ɗora bene inda babu bene, kika haɗa auren da ya rabu, ƙarya kika yi, ko da kuwa an ba ki maki.

Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tana da kishiya, ko akwai laifi in ta nuna mijinsu ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya amsa mata cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ki lura, matar nan ba dukiyar kowa za ta ci ba, fuska kawai take son ta tsare a gaban abokiyar zamanta, amma aka hana ta.

Abin da ya fi damuna ma ba zunubin kaɗai ba ne. Yarinyar da ta zauna ta goge kakarta daga takarda ta sa wasu mutane a gurbinta, tana koya wa zuciyarta jin kunyar matar da ke tashi da asuba dominta. Wannan darasi ne mai wuyar gogewa daga baya. Kuma a ajin naku ba za a rasa wanda ya taɓa miƙa kwano a gaban kaskon kakarki ba.

Ta fuskar maki kuwa, shawarar ba ta da riba. Ɗauki takardar Turanci ta WAEC, inda ake neman insha'i na kalma 450 a kan maki 50: goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na kiyaye ƙa'idojin rubutu. Abubuwan da malamin Hausa yake dubawa ke nan shi ma. Babu makin girman gida. Kuma mai siffanta gidan da bai taɓa kwana a ciki ba, kalmominsa ba sa wuce "babba", "mai kyau", "na zamani", domin bai san inda rana take faɗawa da hantsi ba, bai san ƙofar da ke ƙara in an buɗe ta ba.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da kika yi ta. Gaskiya daban, tonon asiri daban. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, an bayyana giba da cewa ka ambaci ɗan'uwanka da abin da ba ya so. Aka ce, in abin yana tare da shi fa? Aka amsa cewa in yana tare da shi ka yi gibarsa, in ba ya tare da shi ka yi masa ƙage. Ashe magana tana iya zama gaskiya kuma faɗinta ya zama laifi. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Saboda haka ki riƙe wannan: an hana ki rubuta abin da bai faru ba, amma ba a tilasta miki rubuta duk abin da ya faru ba. Duk marubuci zaɓe yake yi, ya ɗauki wani abu ya bar wani. Jimla guda ta ishe ki: "Ni da ƙanena muna zaune a wurin kakarmu ta wajen uwa." Ki sa aya, ki ci gaba. Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, yara da yawa sun tashi a hannun kaka ko gwaggo ko kawu, kuma babu wanda yake bin ki bashin bayani. Abin da ya raba iyayenki, da wa ke da laifi, da wa ke aiko da kuɗi da wanda ba ya aikowa, da bashin haya in akwai, duk wannan ba labarinki ba ne ke kaɗai, na wasu mutane ne da ba su ba ki izinin kai shi aji ba. Sunayensu ma ba sai kin rubuta ba. In kina son ambaton mahaifanki, ki ambace su da alheri da addu'a, ki wuce.

Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne, ki ɗauka kakarki tana zaune a bayan aji ana karantawa. Duk jimlar da za ta sa ta sunkuyar da kai, ki cire ta. Wadda za ta sa ta yi murmushi ta ce "yarinyar nan, har wannan kin lura da shi?", ita ake nema.

Sai dai kada sutura ta koma shafe-shafe. Rashi ba abin kunya ba ne. In ɗakinku yana yoyo da damina kuna tara roba, kina iya rubutawa, domin ba mutuncin kowa ya taɓa ba, kuma yadda kuke janye katifa ke da ƙanenki cikin dare zai fi ratsa mai karatu fiye da "muna zaune cikin jin daɗi da walwala". Kewar mahaifiyarki ma taki ce. Kina da ikon ki rubuta ta a layi ɗaya, kina da ikon ki bar ta a ranki. Duka biyun babu ƙarya a ciki.

Batun layi biyar kuwa, ciwon kusan kowane ɗalibi ne, kuma sanadinsa ɗaya. Kuna rubuta hukunci maimakon ku rubuta abin da ido ya gani. Ga irin abin da muke karantawa kullum: "Gida wuri ne mai muhimmanci a rayuwar ɗan Adam. Gidanmu yana da tsafta. Kakata mace ce mai ƙoƙari da haƙuri. Muna ƙaunar junanmu." Kowace jimla a nan ta rufe ƙofa a bayanta, babu inda za a je daga gare ta. Kuma ɗalibai hamsin za su iya sa hannu a ƙarƙashinta.

Dubi wannan kuma, misali ne kawai na haɗa daga ɗan abin da kika faɗa mini:

"Kafin a kira assalatu Inna ta riga ta wanke wake. Inna muke ce mata, domin haka muka ji mahaifiyarmu tana kiran ta. Ni ke kai markaɗe, ƙanena ya hura wuta yana mita saboda hayaƙi. In ta zauna buga ƙullu ba ta son a yi mata magana, sai ta ɗiga na gwaji a mai ta ga ya taso, sannan ta ɗago ta amsa gaisuwarmu. Ƙosan farko ba na sayarwa ba ne, na almajirin da ke mana shara ne."

Ban ce tana da ƙoƙari ba, ban ce tana da kyauta ba, amma mai karatu ya gani da kansa. Kuma ki ga yadda kowace jimla take jawo wata: daga markaɗe sai layin inji, daga almajiri sai yadda ya saba da gidan. Kada ki kwafi wannan, domin Innar da ke ciki tawa ce ta misali. Taki tana da nata halin da ni ban sani ba.

Ga yadda za ki samo naki. Kafin ki rubuta jimla ko ɗaya, ki zauna a tsakar gida da takardar gwaji ki amsa wa kanki tambayoyi. Wace ƙara nake fara ji da safe? Wa ke zama a ina in an idar da magariba? Wane kaya ne ya fi daɗewa a ɗakin kaka, kuma daga ina ya zo? Wace magana ce ba ta rabuwa da bakinta in ranta ya ɓaci? Yaya muke yi da maƙwabtan da muke haɗa igiyar shanya da kuɗin wuta? Yaya gidan yake ranar Sallah? Ki tara abubuwa goma ko fiye, sannan ki zaɓi uku ko huɗu da suka fi rai. In ba ki san tarihin wani abu ba, ki tambayi kakar. Tsofaffi suna son a tambaye su, kuma abin da za ta gaya miki game da tsohon kumbonta ko akwatinta zai iya cika sakin layi guda.

Tsarin ba shi da wuya. Kalma 300 sakin layi biyar ne masu kalma sittin-sittin. Na farko gabatarwa: ina gidan yake, su wa ke ciki. Uku na tsakiya gundarin bayani, kowanne da magana ɗaya tak. Na ƙarshe kammalawa, ki faɗi abin da gidan yake a wurinki, a taƙaice. Ki bi hanya guda, ko ta lokaci daga asuba zuwa dare, ko ta wuri daga zaure zuwa ƙuryar ɗaki, kada ki riƙa tsalle tsakaninsu. Kuma kada ki rufe da "a ƙarshe ina kira ga gwamnati". Wannan na insha'in muhawara da jawabi ne, ba shi da gurbi a nan.

Karin magana ɗaya da ta faɗa daidai wurinta ta fi biyar da aka jera don a burge malam. Wannan zai yi miki amfani ranar da aka ba ku take irin "Gaskiya", domin a nan ne ɗalibai suka fi tara karin magana ba tare da sun faɗi komai ba. Maimakon haka ki kawo abu ɗaya da ya faru, kamar ranar da mai shago ya yi miki rarar canji, ko ranar da kika zubar da ƙullu a hanya aka zargi ƙanenki. Ki faɗi abin da zuciyarki ta raya miki kafin ki yi abin da kika yi, har da son ki yi shiru. Insha'in gaskiya da babu wahalar faɗin gaskiya a cikinsa ba ya shiga ran kowa.

Bayan kin gama, ki karanta da ƙarfi, sannan ki bi shi da biro don ƙa'idojin rubutu, inda maki yake zubewa a banza. Ki sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu. In kika rubuta "ina jin kishi" alhali ƙishi kike nufi, kin faɗi wani abu daban game da gidanku. A raba "shi ne", "ita ce", "za ta", "ba ni da". A haɗa "gidanmu", "kakata", "ɗakinta". Waɗannan ƙa'idoji ba son ran malaminku ba ne, masana sun zauna a kansu, har da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Da yake ke Bazamfara ce, ki kula: a jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake so, wato "yana" ba "shina" ba, "me" ba "mi" ba. Amma in kika kawo maganar kakarki cikin alamar zance, ki bar ta da harshenta yadda ta faɗa. Hakan ba kuskure ba ne, ƙwarewa ce.

Waya kuwa ba ta san kakarki ba. Abin da za ta ba ki shi ne irin wancan rubutun na "gida wuri ne mai muhimmanci", sau da yawa da Hausa mai warin fassara. Miƙa shi da sunanki wata ƙaryar ce, kuma ranar WAEC ko NECO daga ke sai biro.

Saura maganar karantawa a gaban aji. In kin rubuta abin da kike so malam ya gani amma ba kya son aji ya ji, ki same shi a ofis cikin ladabi ki ce, "Malam, don Allah kada a karanta nawa." Wannan haƙƙinki ne. Ga 'yan'uwana malamai kuma: a kowane aji akwai maraya, akwai agola, akwai ɗan riƙo, akwai wanda rikici ya raba da garinsu. In za mu ba da take irin wannan, mu faɗa tun farko cewa gida shi ne inda yaro yake kwana da waɗanda ke kula da shi, kuma kada mu karanta rubutun kowa a fili sai mun nemi yardarsa.