Yaro ɗan shekara 13 ya isa fara haɗa kayan lantarki?

Malam, ka ce yaronka a Aboabo kullum yana kwance tsofaffin rediyo, kana tambaya ko ya isa shiga aji. Ya isa mana, kada ka kashe masa gwiwa. Ka je Kumasi Hive, wata cibiyar koyar da fasaha a Kumasi, ka tambayi abin da suke koya wa masu farawa.

Kafin nan a saya masa Arduino Uno, wato wani ƙaramin allon lantarki da ake ba wa umarni ta kwamfuta, da allo mai ramuka da ake soka wayoyi ba sai an liƙa da dalma ba, da fitilun LED. Ka ja masa kunne: kowace fitila sai da resista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke wucewa) mai om 220, in ba haka ba volt 5 na Arduino zai ƙone ta. Wutar soket kuwa volt 230 ce, kada ya taɓa ta tukuna.