Kasuwar Gidaje Ta Yi Sanyi: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan gida suke. Masu sayarwa na kukan gidajensu sun yi kwantai, masu saye kuma tsoro ya hana su taya. Na zaɓo huɗu.

"Malam, wata takwas ke nan da na sa gidana a kasuwa, ina so in koma ƙarami tunda yara sun tashi. Mutum uku suka taya, duk ƙasa da abin da na kashe wajen saye da gyara. Dillali ya ce in rage. In rage ko in jira?" Daga wani magidanci.

Alhaji, na san akwai ciwo, amma mai saye ba ruwansa da abin da ka kashe. Shi abin da yake dubawa, nawa aka sallama gidaje irin naka a kusa da kai cikin 'yan watannin nan. Ka lura, wanda aka sallama na ce, don kuɗin da maƙwabcinka ya yanka wa nasa gidan, shekara guda ba wanda ya taya, fata ce kawai. Wannan ƙin faɗuwa halin ɗan Adam ne. A 2001 wasu masana tattalin arziki biyu, David Genesove da Christopher Mayer, sun bibiyi cinikin gidaje a birnin Boston na Amurka, suka ga waɗanda asara ke fuskanta sun fi tsawwala kuɗi, gidajensu kuma sun fi jinkirin samun mai saye. Jira ma ba shi da tabbas. A Amurka farashin gidaje ya fara gangarowa daga 2006, bai tsaya ba sai 2012, bayan ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A Japan kuwa farashin filaye ya yi fiye da shekara 10 yana sauka bayan 1991. Duk watan da ka ƙara, akwai gyara da gadi da haraji a wuyanka. Tunda saye za ka yi a wannan kasuwar, wani ɓangare na abin da ka rasa zai dawo maka a can. Ka rage sau ɗaya, ragin da za a ji. Ragin tsinta-tsinta kowane wata yana koya wa masu saye su ƙara jira.

"Abokina ya ce kada in saya sai farashi ya kai ƙarshen faɗuwa. Wane wata ke nan?" Daga wani matashi.

Samari, ba ni da wannan watan, abokinka ma ba shi da shi. Ba a gane ƙarshen faɗuwa sai an wuce shi. In kana da kuɗin, kana buƙatar muhalli, kuma za ka zauna shekaru masu yawa, je ka taya.

"Malam, mijina ya rasu, ɗan abin da ya bar mana nake so in saya wa marayu gida. Dillali ya nuna mini wani, sabon fenti, kuɗinsa ƙasa da na maƙwabta sosai. Ya ce in ba da kafin alƙalami cikin kwana uku don akwai mai so, takardu kuma daga baya. Ko barci ba na iya yi." Daga wata uwa.

Allah ya jiƙan maigidan, ya raya marayu. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, rashin barcin nan alheri ne, zuciyarki ce ta ga abin da ido bai gani ba. Kada ki ba da ko sisi tukuna.

Ki duba maganar da kyau. Kasuwa ta yi sanyi, gidaje na wata da watanni ba mai leƙawa, sai wannan gidan kaɗai ne ake rububinsa cikin kwana uku? A irin wannan lokaci mai kuɗi a hannu shi ke da lokaci. Duk wanda ya zo yana azalzalarki, akwai abin da ba ya so ki gani. Wannan abu na ci mini tuwo a ƙwarya, domin shekara da shekaru wasiƙun da suka fi sa ni baƙin ciki duk da "takardu daga baya" suka fara. Cinikin biri a sama ke nan. Ana sayar wa mutum biyu gida ɗaya. Ana sayar da gidan gado alhali wasu magada ba su sani ba, sai ka tare su bayyana da sammaci. Ana sayar da gidan da ke jingine a banki, bashin ya biyo gidan, mai sayarwa ya yi layar zana. Kuma araha ce tarkon kullum.

Ki ɗauki lauya naki na kanki, kada ki yarda da wanda dillali ya kawo, don shi dillali la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa. Lauyan ya karɓi kwafin takardar mallaka, ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan da ke kanta na mai sayarwa ne, kuma babu jingina ko shari'a a kan gidan. In gado ne, kowane magaji ya sa hannu. Safiyo ya auna iyaka ya gwada da taswira. In za a biya, ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke takarda, da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi sharaɗin mayar da kafin alƙalami.

Sai fentin. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba gida, bango fes kamar ƙwai. Maginin da muka tafi da shi ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙasan bango da mabuɗi, sai muka ji sauti kamar ganga, filasta ta rabu da bulo. Ya goga yatsa daidai gwiwa, farin gishiri ya fito, alamar danshi na hawowa daga harsashi. Saman taga kuma ga tsaga a karkace an cike ta an shafe. Ki je da magini, ki ɗaga kai ki dubi silin ko akwai tabon yoyo, in da hali ki koma bayan an yi ruwan sama ki ga inda ruwa ke kwanciya. Ki kuma gaisa da maƙwabta, su ne suka san dalilin da ya sa ake sayarwa. In dillali ya ce ba zai iya jiran mako biyu ba, ki bar masa gidansa, akwai wasu.

"Ina so in sayi gida yanzu da araha in zuba 'yan haya." Daga wata 'yar kasuwa.

Hajiya, ɗauki alƙalami. Kuɗin hayar shekara, cire gyara da haraji da hayar wata biyu da gidan zai iya zama ba kowa, sannan ki raba kuɗin gidan da abin da ya rage. Amsar ita ce shekarun da uwar kuɗinki za ta ɗauka kafin ta dawo. Ki gwada da ribar da jarin ke kawo miki a kasuwancinki. Kuma kada ki zuba duka jarin, domin yadda mai gidan nan ya sha wuya kafin ya same ki, haka ke ma za ki sha ranar da buƙatar kuɗi ta taso.