Moto 8520 na ƙonewa a hannuna, jabu aka sayar min?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ɗalibi ne ni a Gombe, ina haɗa ƙaramin jirgi maras matuƙi don aikin kammala karatu. Na sayi moto 8520 guda huɗu, wato ƙananan motocin lantarki masu juya farfela. Da batir 18650 ɗaya (dogon batirin caji irin na cikin batirin kwamfuta) jirgin ya ƙi tashi, sai wani mai gyaran waya ya ce in jera biyu a ƙara masa wuta. Ko minti biyu ba a yi ba guda biyu suka yi wari suka tsaya. Kuɗina sun kusa ƙarewa, ga ranar gabatarwa ta matso. Jabu aka sayar min?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, guda biyu kawai za ka sake saya. Amma kada ka koma wa mai shago da rigima, shawarar da aka ba ka ce ta kashe su.

Wannan magana ta "ƙara masa wuta zai ƙara gudu" kullum sai an zo da ita, kuma masu faɗinta ko takardar moton ba su taɓa dubawa ba. An ƙera 8520 ne don 3.7V, wato ƙwayar batir ɗaya, wadda in ta cika take kai 4.2V. Ka jera biyu, ka ba shi 8.4V ke nan. Eh, zai yi ƙara ya yi gudu, shi ya sa mai ba da shawarar yake ganin ya iya. Abin da bai gani ba shi ne abin da ke faruwa a ciki. Irin wannan moto ba shi da ƙarfe a tsakiyar koyil ɗinsa. Siririyar wayar tagulla ce aka saƙa kamar ɗan kofi, gam ya riƙe ta, tana zagaya maganaɗisu sau dubu 40 ko fiye a minti ɗaya. Rashin ƙarfen ne ya sa ba shi da nauyi, kuma shi ne ya sa ba inda zafi zai tsere. Ita farfela kuwa, in gudunta ya ninka, ƙarfin da take nema ya kan kai ninki takwas, zafin koyil kuma yana hawa fiye da yadda wutar ke hawa. Gam ya yi laushi, koyil ya karkace ya fara gogar maganaɗisu, burushin da ke kai wa koyil wuta, wanda bai fi gashi kauri ba, ya ƙone. Warin da ka ji ke nan. Ba a sake naɗa shi yadda masu fanka ke yi, ba a sa masa mai ya farfaɗo. Kuma in wani ya ce maka ya gwada da batir 9V mai kusurwa huɗu bai ƙone ba, gaskiya ya faɗa, amma don batirin ba shi da ƙarfin ba da wuta ne, da an ɗora masa moto yake durƙushewa. 18650 ba ya wannan sassaucin. Haka cajar waya mai 5V, ita ma ta wuce ƙima. Ƙara da zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da iskar kanta ke kai digiri 40.

Dalilin ƙin tashin jirginka nauyi ne. Kowane 8520 da farfela mai milimita 55 zuwa 65 yana ɗaga kusan giram 30 zuwa 40, don haka jirgin gaba ɗaya kada ya wuce giram 70. 18650 ɗaya giram 45 ne, in kuma Arduino Uno (allon da ke sarrafa jirgin) ka ɗora, ga wasu 25. Nemi batir LiPo (batirin caji maras nauyi) mai ƙwaya ɗaya, 500 ko 600mAh, mai 25C (ma'aunin yawan wutar da zai iya bayarwa), nauyinsa bai wuce giram 20 ba. Moto huɗu tare suna jan amfiya 6 zuwa 8, tsohon batirin da aka ciro daga kwamfuta ba zai riƙe wannan ba.

Kada ka haɗa moto kai tsaye da ƙafar Arduino, iyakarta 40mA. Kowane moto ka ba shi MOSFET (makunnin lantarki) irin SI2302 ko AO3400, resisto 100 om a ƙofar MOSFET ɗin (gate), wani resisto 10k daga ƙofar zuwa ƙasa (GND), dayod 1N5819 da kapasito 104 a kan wayoyin moton. MOSFET IRFZ44N da ya cika shaguna ba ya buɗewa sosai da wannan 'yar wuta, sai ya yi ta zafi a banza.

Wajen saye ka duba launin waya: mai ja da shuɗi hannun agogo yake bi, mai baƙi da fari akasin haka, kana bukatar biyu-biyu. Kada ka juya wayoyin don sauya masa hanya, burushin zai cinye da wuri. In za ka cusa farfela, ka dafa gindin moton a kan tebur, in ba haka ba sandar za ta ture murfin baya. A gwaji, bayan daƙiƙa 30 ka taɓa jikinsa. In yatsanka ya kasa zama, kashe ka rage girman farfela.