Tambaya da Amsa: Me ya sa igiyar ɗana ba ta ƙaruwa?

Tambaya: Ɗana ya daɗe a soja, har yanzu igiyarsa ɗaya. Abokinsa da suka fito Zariya tare ya zama saje. Ko an danne shi ne? Kuma zai iya zama hafsa wata rana?

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare mana shi. Kafin a kawo zancen danniya, bari mu bi matakan. Wanda ya gama horon kurtu a Depot ta Zariya, wadda ke horar da ƙananan sojoji tun 1924, farabiti ne, hannunsa babu komai. Sai lans kofur mai igiya ɗaya, inda ɗanki yake. Kofur biyu, saje uku, staf saje kuma uku da mikiya a samansu. Daga nan sai manyan da muke kira samanja, su ma hawa uku ne.

Shekaru kaɗai ba sa ɗaura wa soja igiya. Akwai wa'adin da zai cika a muƙamin da yake, amma cika shi damar a duba shi ce kawai. Sai ya yi kwas ɗin muƙami na gaba ya ci, sai kwamandansa ya ba da shaida a kansa, sannan sai akwai gurbi. Nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. Wanda aka ajiye a fagen daga a Borno lokacin da ake kiran kwas zai iya rasa zagayen, abokinsa da ke bariki ya wuce shi ba don ya fi shi jarumta ba. A ganina wannan ya fi danniya yawa, ko da yake ban ce babu son kai a gidan soja ba.

Sai kuma fayil. Barin aiki ba izini ko rashin ɗa'a ga na gaba, in ya kai soja gaban kwamanda, ba a gadirum yake ƙarewa ba. Ana rubuta shi, wani lokaci har a cire igiyar da ke hannu. 'Ya'ya ba kasafai suke gaya wa iyaye wannan ba, don haka ki tambaye shi cikin hikima: ka yi kwas ɗin kofur? An taɓa gurfanar da kai?

Batun zama hafsa, hanyar daban ce. Masu anini galibi ta makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna suke fitowa, amma akwai ƙofar da ake buɗe wa sojan da ke bakin aiki idan yana da takardun karatu da fayil mai tsabta. In yana da wannan buri, ya nemi samanjan bataliyarsu ya faɗa masa sharuɗɗan bana, domin sukan sauya.