Cutar Ɓargo Mai Daɗewa: Daga Ina Take Tasowa?

Tambaya: Likita, an gwada mahaifinmu a Katsina, aka ce yana da cutar jini da ta taso daga ɓargo. Fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa, saifarsa ta kumbura. Me ke jawo ta, kuma ana gadonta kamar sikila? Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Bayaninki ya fi kama da sankarar jini mai tafiyar hawainiya da likitoci ke kira CML, kodayake gwaji ne kaɗai zai tabbatar.

A cikin ɓargo akwai iyayen ƙwayoyi da ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini, da farare, da masu tsayar da jini idan an ji rauni, kuma suna hayayyafa ne daidai buƙatar jiki. Cutar tana farawa daga uwar ƙwaya guda tak. A cikin kuromosom 46 da take ɗauke da su, wato zaruruwan da ke riƙe da ƙwayoyin gado, sai guntun na 9 da guntun na 22 su ɓalle su yi musayar wuri, mahaɗar kuma ta zama gurɓatacciyar ƙwayar gado mai suna BCR-ABL1. Sinadarin da take ƙerawa tamkar famfo ne da ya ƙi rufuwa, domin umarnin a hayayyafa ba ya yankewa dare da rana. Zuriyar wannan uwa sai ta cika ɓargo, ta danne lafiyayyun ƙwayoyi, ta malala cikin jini, ta taru a saifa. Daga nan nauyin da Baba ke ji a hagun ciki yake zuwa, da saurin ƙoshi, da kasala.

Peter Nowell da David Hungerford ne suka fara ganin gajeren kuromosom na 22 da wannan musaya ke haifarwa a Filadelfiya ta Amurka a 1960, sannan Janet Rowley ta gano musayar a 1973.

Batun gado kuwa, ki kwantar da hankalinki. Sikila ana haihuwar mutum da ita daga uwa da uba, wannan canji kuwa a ɓargon Baba kaɗai ya auku bayan an haife shi, bai shiga irin da ya haife ku da shi ba. Ba a ɗaukarta ta cuɗanya, abinci ma ba ya kawo ta. Sanadin da aka tabbatar shi ne tururin nukiliya mai ƙarfi, irin wanda ya sami mutanen Hiroshima a 1945, amma mafi yawan marasa lafiya ba su taɓa kusantarsa ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, tun 2001 akwai ƙwayar magani mai suna imatinib da ke toshe wannan sinadari kai tsaye. Ku nemi likitan jini ya yi wa Baba gwajin BCR-ABL1, idan kuma aka ɗora shi a kan maganin, kada ya daina sha don ya ji sauƙi.