Ga 'yar'uwar da kazarta ta mutu ta bar 'yan tsaki

'Yar'uwa, sannu da rashi, Allah ya mayar da alheri. Kin ce kazarki ta mutu ta bar 'yan tsaki, yara sai kuka, maƙwabta kuma na cewa ai kaza ce kawai, kina tambayar yadda za ki yi.

Wanda bai taɓa kiwo ba ne zai faɗi haka. Kazar da ke jin ƙarar kwano ta sheƙo a guje, wadda ƙwanta ke fitar da kuɗin sabulu, dole a ji rashinta. Ki bar yaran su yi kukansu.

Ni dai hankalina yana kan sauran kajin. Yaya ta yi kafin ta mutu? In ta yi ta gyangyaɗi, fukafukai a sake, kashi kore-kore, wuya a murɗe, to alamun cutar Newcastle ne, wadda ke share akurki lokacin hunturu. Na ga gidan da ta shiga ba ta bar ko zakara ba. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma mu 'yan Jos abin yana kusa da mu: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin. Ki tambayi likitan dabbobi rigakafin da ake kira Lasota ko I-2, amma masu lafiya ake yi wa. In kuwa suka fara zubewa da yawa farat ɗaya, ki sanar da shi nan take, don murar tsuntsaye ma haka take yi.

Mushen a binne shi da zurfi, kada a jefa bola. A share akurkin, a wanke kwanukan.

'Yan tsakin kuma, sanyin Jos ya fi shaho saurin kashe su. Ki sa su a kwali da dusar katako, ki rataya ƙwan lantarki ko ki ajiye kaskon garwashi a gefe, iska na shiga. In sun cure wuri guda suna ciyau-ciyau, sanyi suke ji. In sun watse nesa baki a buɗe, zafi ya yi yawa. Ruwa a murfi marar zurfi, da 'yan tsakuwa a ciki. Wannan aikin ki damƙa wa yaran, yana rage musu kewa sosai.

Kada ki yi saurin sayo wata. In kin sayo, ki ware ta mako biyu kafin ki haɗa su.